Adaka da Kwanso: Tafiya Kabo da Gwarzo

Hanyar Gwarzo daga Kabuga take farawa. Ka wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka bar barikin Janguza a baya, daga nan gine-gine su soma ja da baya, gonaki su karɓe. Kafin Rimin Gado ka shiga karkara sosai. Kimanin kilomita 70 ne daga birni zuwa Gwarzo, in ka miƙe kuma sai Dayi a jihar Katsina. Bayan kaka na bi ta, an sare karan dawa an jingine, hunturu ya fara busawa. Lokacin ne manomi yake ajiye fartanya, wanda ya gaji farauta daga ubansa kuma ya sauko da bindiga daga inda take rataye ya kaɗe mata ƙura.

Abin da ya fito da ni bai wuce tsawon ɗan yatsa ba: kwanson harsashi, wanda yake faɗowa fanko bayan an yi harbi. A Ingila da Amurka akwai masu tsofaffin bindigogin harbin gasa waɗanda kamfanoni suka daina yi wa harsashi tun zamanin kakanninsu, su kuma suka ƙi mayar da su kayan adon bango. Sai su nemo kwanson wata bindigar, su sake masa siffa, su ɗura shi da hannunsu. Na so in ga yadda maharban yammacin Kano suke yi da nasu kwanson, tunda su ma harsashi ba ya zo musu a arha.

Abokin tafiyata ɗan ƙasar Kabo ne, shi ya ce mu ratse mu fara gaida kawunsa, maƙeri a wani ƙauye da ke bayan garin. Ba don shi ba da ban ji komai ba. Duk maƙerin da baƙo ya yi wa zancen bindiga amsarsa ɗaya ce: shi garma yake yi da lauje da gatari. Kuma bai yi ƙarya ba, su ne suke ciyar da gidansa. Mun tarar da tsohon zaune gaban uwar maƙera, jikansa yana masa zuga, awartaki da masaba a gefe. Da aka gama gaisuwa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Malam, kai ma'aikaci ne?”

Na ce, “A'a Baba, rubutu nake yi.”

Ya ce, “To ai gara ma'aikaci. Shi in ya tafi ya tafi.”

Sai da ɗan 'yar'uwarsa ya yi ta “Haba Kawu” kafin ya sa yaron ya shiga ciki ya fito da wata doguwar adaka da wani maharbi ya kawo a sake mata ƙota, ta dā gara ta cinye. Bututunta ya yi baƙi, an naɗe shi da fata a wuri biyu, ga laya a ɗaure kusa da kunama. Na tambaye shi kwansonta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ba ta san kwanso ba, cikinta ne kwansonta. Ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, 'ya'yan darma, wani tsumman, a daka da sanda, sannan a shirya mata abin tayar da wuta. Harbi ɗaya take yi. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri dabbar ta kai wani daji ko ta kai kanka, shi ya sa ake mata ba'a da harba-ka-ruga.

Duk da ba'ar, akwai abin da adaka take da shi wanda bindigar zamani ba ta da shi. Komai nata a kusa yake. Ƙotarta daga itacen da ke bayan gari, gyaranta a wurin maƙeri, abincinta a hannun waɗanda suka gaji haɗa shi. Mai ita ba ya jiran jirgin ruwa ya iso Legas. Wannan ne ya sa ta rayu fiye da shekara ɗari bayan duniya ta bar irinta, kuma ita ce dai 'yan bindigar sarki suke bugawa a Hawan Daushe, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, dawakai su yi ta zabura. Al'adar ta tsufa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Borno ta riga Kano da nisa, tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yake da maharban bindiga da Turkawa suka horar.

Sai dai ba ƙaunar gargajiya kaɗai ta bar mu da adaka ba, akwai hannun Turawa a ciki. Shekara da shekaru maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam suna ƙera bindigogi masu arha don kasuwar Afirka, masu tashi da ƙanƙara, ana sauke su a gaɓar teku suna hawowa arewa ta Nufe. Da bindiga mai ɗuri ta baya ta fito, wadda ake zura mata harsashi guda a shirye, sai ƙasashen Turai suka taru a Brussels a 1890 suka sa hannu a kan yarjejeniyar hana sayar da irinta a mafi yawan Afirka. Tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kuwa suka ce a ci gaba da sayarwa. Sun san abin da suke yi. Wasu sababbin sun tsallako ta sumoga, amma bindigar zamani in ba harsashinta sanda ce kawai, kuma harsashin nan ba a daka shi a turmi. Samori Ture, wanda ya yi ta fafatawa da Faransa a yammacin Afirka har aka kama shi a 1898, ya gane haka da wuri. Mayaƙansa sukan tsince fankon kwanso bayan an tashi daga fagen fama, maƙeransa su sake ɗura shi, har ma suna kwaikwayon bindigogin Faransa suna ƙerawa. Sana'ar da wasu suke yi yau a Turai don nishaɗi, a wannan yanki namu an yi ta don ceton ƙasa. A Kano ba a kai ga haka ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwa da sojoji sama da 700, da igwa, da bindigogin Maxim masu aman harsashi ba tsayawa, alhali Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Kafin rana ta faɗi an shiga birni.

A cikin mota, tsakanin Kabo da Garo, na yi ta juya abin da ke cikin wannan ɗan kwanson da har ya raba mai nasara da wanda aka ci. Aiki biyu yake yi. Na farko, yana haɗa abin da mai adaka yake ɗurawa ɗaya bayan ɗaya, wato albarushi da darma da abin tayar da wuta, ya mayar da su dunƙule guda wanda ruwa ba ya jiƙawa, yaro ma zai iya zura shi cikin ƙiftawar ido. Na biyu ya fi ban sha'awa. In wuta ta tashi, kwanson yakan kumbura ya manne da bangon bindiga ya toshe duk wata kafa, don kada zafi ya dawo fuskar mai harbi, sannan nan take ya ɗan tsuke yadda za a iya zare shi. Ba kowane ƙarfe ne zai yi wannan ba. Shi ya sa ake yin sa da tagullar da aka haɗa da jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 cikin ɗari. Maƙeran fari na cikin birni, masu aikin azurfa da tagulla, sun san halinta sarai: in ka yi ta bugunta takan taurare har ta tsage, in ka nuna mata wuta ta sake laushi.

Wannan halin ne masu tsofaffin bindigogi a Turai suke amfani da shi. Ɗauki Martini-Henry, wadda sojojin Ingila suka karɓa a 1871 suka yi yaƙin Zulu da ita a 1879. Har yau akwai masu fita da ita filin gasa, irin na Bisley da aka buɗe a 1890 kudu maso yamma da Landan. Harsashinta ba ya kan kanta a shago. Sai mai ita ya sayi kwanson tagulla na wata bindigar harbin tsuntsaye wanda gindinsa ya yi kusa da nata, ya tausasa wuyansa da wuta, ya matse shi a hankali cikin wani mazubin ƙarfe da aka yi daidai da cikin bindigarsa. Harbin farko shi yake ƙarasa aikin, kwanson ya kumbura ya ɗauki siffar bindigar, daga nan ya zama nata ita kaɗai. Wani abin dariya a tarihin sana'ar: ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, mai tayar da wuta, iri biyu ne, duka daga 1866. Na Kanar Boxer, Ba'ingile, yana da sauƙin cirewa a sa sabo, sai Amurkawa suka rungume shi. Na Berdan, Ba'amurke, yana da wuyar cirewa, shi kuma Turai da sojojin Ingila suka ɗauka. Kowa ya bar na gida ya ɗauki na dawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da mutanen nan shi ne awo. Albarushi a kan sikeli suke auna shi, da ma'aunin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Tsawon kwanso su auna, kaurin wuyansa su auna. Kowane kwanso suna ƙirga sau nawa aka ɗura shi, in ya nuna alamar tsagewa a jefar. Suna da littattafan da kamfanonin albarushi suka buga bayan gwaji, masu faɗin iyakar da ba a ƙetarewa. Da wannan a kaina na shiga Gwarzo.

Gwarzo gari ne mai harka, mahaɗar masu zuwa Getso da Kutama da Lakwaya da masu wucewa Malumfashi. Wannan yanki na yamma, daga nan zuwa Ƙaraye, shi ne bakin da mahara daga Maraɗi suke faɗo wa a ƙarni na 19, saboda haka riƙe makami ba baƙon abu ba ne a gidajensa. A wani ƙauye da ke arewa da garin aka haɗa ni da Sarkin Baka, dattijo siriri mai kaifin ido, zaune a kan buzu a zaure, karnuka uku kwance a ƙofa, matasa biyar ko shida kewaye da shi. Na ce, “Ranka ya daɗe, na zo ganin kwanso.” Ya sa hannu a burgami ya watso mini su a gabana.

Ba na tagulla ba ne irin na Martini. Na roba ne, ja da kore, gindinsu kawai ke da ƙarfe, na bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu. Su ne yanzu a hannun maharbin da ya ɗan samu. Ya ce a dā ba wanda yake sunkuyawa ya ɗauki fanko, yara ne suke tsinta su yi usur da shi. Amma tun da naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, ga shi hukuma ta ƙara matsa sayar da harsashi saboda halin tsaro. Yanzu in ka harbi zomo da harsashin kanti, kuɗin harsashin ya kusa cinye zomon. Sai wasu suka koma ɗura fanko.

Na tambaye shi ko shi ma yana yi.

“Ni? Allah ya kiyaye. Kai, nuna wa Malam hannunka.”

Wani saurayi da ke gefe ya sunkuyar da kai ya miƙo hannun hagu. Babban yatsa da manuni babu, wurin ya warke ya yi sumul. Ba wanda ya yi dariya. Sarkin Baka ya ce robar kwanso in ta sha wuta 'yan lokuta ta gaji, ba ta da haƙurin tagulla. Amma babbar masifar ita ce cakuɗa albarushi. Na gargajiya baƙi ne, mai hayaƙi, adaka ta san shi. Na cikin harsashin kanti kuwa wani abu ne daban, marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Vieille ya ƙirƙiro a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. A ido ɗan kaɗan ne, sai yaro ya raina shi. Wanda ya farke harsashi ya juye shi a adaka, ko ya ɗura fanko da ƙiyasin tafin hannu, ya kunna wa kansa wuta ne a gaban fuska. Balle yanzu da wasu masu gaggawa suke yin bututu da kowane irin ƙarfe suka tsinta a wurin 'yan gwangwan. Ya ce a zamanin ubansa sabuwar bindiga ba a fara harba ta a kafaɗa. A jikin bishiya ake ɗaure ta, a ja kunama da igiya daga nesa. In ta tsira, ta zama bindiga.

Wannan magana ta sa na gyara zama, domin abin da tsohon ya kwatanta shi ne ainihin abin da Ingila ta mayar doka. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham, kuma maƙeran garin ne da kansu suka nema, saboda bututun banza yana ɓata musu suna. Har yau ba a sayar da bindiga a ƙasar sai an harba ta da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, an duba ta, an buga mata hatimi. Hikimar ɗaya ce da ta gindin bishiya. Su sun ba ta gini da ma'aikata da hatimi, mu kuwa muka bar ta ta mutu tare da tsofaffi.

Dokarmu ta bindigogi ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta masu cin harsashi, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Masu ɗuri ta baki irin adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da izininsu. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izini. A takarda tsarin ba shi da laifi. Amma ka tambayi maƙerin ƙauye ko ya taɓa ganin takardar nan, sai ya dube ka kamar ka yi masa Faransanci. Sakamakon haka sana'ar tana nan, ba ta fito fili ba kuma ba ta mutu ba. Wanda ya iya ba ya koyarwa a sarari, wanda bai iya ba yana gwaji a ɗaki da yatsunsa. A ganina wannan ya fi kowane zaɓi muni.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja. A lokacin da 'yan fashin daji suke tsallakowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan iyaka ta wajen Shanono da Tsanyawa, wa zai so a ƙara sauƙaƙa zancen bindiga? Sai dai a duba abin da ke kafaɗar ɗan fashin: AK-47 ce, mai cin harsashi talatin a ɗuri guda, wadda ba maƙerin Kabo da ya isa ya yi mata ko kwanso ɗaya. Sau da yawa ta kan iyaka take shigowa, ita da abincinta. Mai adaka kuwa sau da yawa shi ne ɗan sintirin da yake kwana a bakin gari. Rashin bambance su ya riga ya ci rayuka. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa gida yin Sallah, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu, har da mutanen Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure. Da na ambaci Uromi, zauren ya yi tsit. Ɗaya daga cikin matasan ya laluba aljihu ya fito da katin ƙungiyar mafarauta mai hotonsa, ya ce tun daga lokacin ko Dayi zai je ba ya barin sa a gida.

Farautar ma kanta ta ja baya. Sarkin Baka ya lissafa mini abin da ya harba yana saurayi a dazukan da yanzu duk gonakin masara ne: gada, barewa, har kura. Yau sai zomo da gafiya da fakara, in an yi sa'a zabin daji. Mai son babban nama sai ya yi doguwar tafiya, Falgore kuwa gandun gwamnati ne, an hana. Yawancin adakar da ke ƙauyen, in ji shi, ba ta ƙara ganin daji ba. Ranar Sallah ake fito da ita, ko naɗin sarauta, ko in hakimi zai wuce, a ɗura mata albarushi da tsumma ba darma, a buga, mata su yi guɗa.

Da la'asar ta yi muka tashi yin salla, na ba shi labarin gidan gwajin Birmingham, na ce da za a buɗe irinsa a Kano, a ce kowane maƙeri ya yi rajista, kowane maharbi ya kawo tasa a gwada a buga mata lamba, zai kai? Ya ɗan yi shiru yana naɗe buzunsa.

“Wa zai riƙe wurin? In Sarkin Maƙera yana ciki, da mu, zan kai. Har ta ubana zan kai, mu ga ko akwai ta kanti da za ta fi ta. Amma in kai ta zan yi a karɓe a ce in dawo gobe, to Malam, ka gaya musu ba ni da bindiga. Garma gare ni.”